Kujerar dako mai hawa bishiya: yadda nake ɗaura ta, in hau, in sauko

A gabashi da kudancin Amurka, daga Fensilbaniya har Jojiya da Alabama, yawancin masu farautar barewa mai farin wutsiya dako suke yi daga saman bishiya. Dabbar nan hancinta ya fi idonta aiki, dajin kuma cunkushe yake da ƙananan itatuwa, wanda ke ƙasa da ƙyar yake hango abin da ya wuce yadi 30. Kayan dakon iri-iri ne. Akwai mai tsani da ake kafawa a bar shi a wurin, akwai wanda ake ratayawa bayan an hau da matakala, sai kuma wadda nake aiki da ita, kujerar da kai da ita kuke hawa tare, ba tsani ba matakala. Ka goyo ta a baya, ka ɗaura a gindin bishiya, ka hau, in ka gama ka sauko ka tafi da abarka. A dazukan gwamnati, inda jihohi da yawa suka hana kafa ƙusa a jikin bishiya ko sare reshe, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Gida biyu ce. Na sama shi ne mazauni, firam na alminiyon da kujerar yadi ko raga a rataye. Wasu suna da sanda a gaba da ake zama a kai lokacin hawa, wasu gabansu a buɗe yake saboda masu harbi da baka. Na ƙasa shi ne dandamalin da ake takawa, da likkafu biyu na zura kan takalmi da roba mai kama dunduniya. Kowane gida yana da haƙora masu siffar V a gefen da ke fuskantar bishiya, da hannuwa biyu da suka miƙe sama suka nufi bayanta, sai abin da ke zagaye bayan bishiyar ya haɗa hannuwan. Kamfanin Summit wayar ƙarfe yake sakawa, lulluɓe da roba, da ƙulle-ƙullen ƙarfe a jere masu faɗawa cikin makama mai sifirin. Kamfanin Lone Wolf bel yake amfani da shi, kamfanin API kuma sarƙa. Samfurin Viper SD na Summit, wanda ya cika dazukan, nauyinsa laba 20 ne, wajen kilo 9, yana ɗaukar laba 300, wato kilo 136, kuma an yi shi don bishiya mai kaurin inci 8 zuwa 20. Laba 300 ɗin nan har da takalmi da rigunan sanyi da jaka da bindiga, ba nauyin da sikelin asibiti ya nuna maka kaɗai ba.

Kafin mutum ya sa ƙafa a kai, ya kamata ya gane cewa babu abin da ke riƙe wannan kujera a jikin bishiya sai nauyin mai ita. Idan ka taka bakin dandamali na waje, nauyinka yana danna haƙora cikin ɓawo ta gaba, yana kuma jan waya ta matse bishiyar ta baya. Wanda ya taɓa kallon mai hawa dabino da igiya ya san abin: muddin ya jingina baya, igiya ta ɗaure tamau, yana nan daram, amma da tsoro ya sa ya rungumi itacen, igiya ta saki, sai zamewa. Sabon mahayi da ya ga ƙasa ta yi nisa, jikinsa da kansa ke matsawa kusa da gangar bishiya, ya tara nauyi a yatsun ƙafa dab da haƙora, kuma nan ne riƙon ya fi rauni. Kusan duk matsalar da zan ambata, in ka bi ta zuwa tushe, za ka tarar ko dai nauyi ya bar bakin waje, ko haƙora ba su sami abin cizo ba.

Aikin yana farawa tun watan Agusta, kafin a buɗe farautar baka, wadda a jihohi da yawa take kamawa tsakanin tsakiyar Satumba da farkon Oktoba. Nakan shimfiɗa gidajen biyu a rana, in bi kowace walda da ido da farce, musamman inda hannuwa suka haɗu da firam. Tsagewar alminiyon ba ta buɗe baki, siririn layi ne kawai, wani lokaci ma fentin wurin ne zai ɗan ɗago. In na gani, gidan ya tashi aiki ke nan, ba a kai shi wurin mai walda, ba a huda sabon rami. Waya kuma nakan lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan daga kai zuwa kai. Robar da ke kanta tana cinyewa a tsakiya inda take gogar ɓawo, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta daga ciki. In robar ce kaɗai ta goge, ana iya sake mata riga. Amma da zarar zare ɗaya na ƙarfen ya tsinke ko ya yi ja, canza wayoyin ake yi, duka biyu, da na kamfanin da ya ƙera kujerar. Ɗamarar tsaro, wadda ake sawa a jiki don ta tare mutum in ya faɗo, ita ma tana da wa'adi, galibi shekara 5, kwanan watan yana jikin ƙyallen da aka ɗinke mata. Nakan kuma duba lambar samfurin a jerin kayan da hukumar CPSC, mai kula da amincin kayan masarufi a Amurka, ta sa aka janye daga kasuwa, don kujerun dako sun sha shiga jerin nan. Daga nan sai gwaji a bishiyar bayan gida, ƙafa 3 ko 4 daga ƙasa.

Da rana ake zaɓen bishiya, ba da fitilar goshi da asubahi ba. Ina neman miƙaƙƙiya, mai rai, wadda ba ta da reshe har ƙafa 20 ko fiye, kaurinta a tsayin ƙirji tsakanin inci 12 da 16. Takardar kamfani ta yarda da inci 8, amma bishiya mai wannan sirantaka tana rawa da kai duk sanda ka motsa, ganyen samanta ya yi ta kaɗawa yana tona maka asiri, ga shi ba ta rufe faɗin kafaɗarka. Bayan kauri sai ɓawo. Wanda ake so shi ne mai kaushi, mai ɗan taushi, wanda ya manne da itacensa, irin na itatuwan can da ake kira fofula mai furen tulib, da switgam, da yawancin nau'in ok. Itacen fayin ma haƙora na nutsewa cikinsa sosai, shi ya sa mafarautan kudu ke son sa, sai dai ɓawonsa na ɓarewa yana zuba da ƙara, ƙaronsa kuma ya manne wa waya da hannu da tufafi. Waɗanda nake wucewa, ko da sun tsaya a wurin da ya fi ko'ina kyau, su ne bich da sikamo masu jiki sumul, da nau'in hikori mai ɓawo zaro-zaro da ke ɗagowa da kansa. A kan na farkon haƙora ba sa shiga, a kan na biyun suna shiga cikin abin da shi kansa bai riƙe komai ba. Ruwan sama yana ƙara wa ɓawo santsi, tsananin sanyi kuma yana daskarar da shi ya yi tauri, don haka bishiyar da ta ɗauke ka lafiya a Oktoba tana iya ƙin haƙora a Disamba.

Sai in zagaya ta, in ɗaga kai in bi hanyar da waya za ta bi ta baya. Ƙullutu ɗaya ko guntun reshe a ƙafa 12 ya isa ya tsayar da hawa, kuma daga gaba ba a ganinsa. A watan Nuwamba da ganye ya zube, matacciya da mai rai kamarsu ɗaya ga wanda bai lura ba. Mai rai tana da siraran rassa birjik a can ƙoli, matacciya kuwa manyan rassa ne tsirara, ɓawo na saɓulewa, naman gwari na fitowa a gindi. Itacen ash ne ya fi yaudara. Wani koren ƙwaro mai huda itace, wanda aka fara ganowa a 2002 kusa da Ditroit a jihar Mishigan, ya kashe miliyoyinsu, kuma da yawa suna nan tsaye, miƙaƙƙu, da ɓawo mai kaushi irin wanda mahayi ke so, alhali sun bushe suna karyewa ba sanarwa. Ƙananan ramuka masu siffar D a jikin ɓawo, da fari-farin wuraren da maƙwaƙƙwafi ya ɓare, sun isa shaida. Kurangar da ta nannaɗe gangar bishiya da saiwoyi masu gashi-gashi kuwa, sau da yawa ita ce mai dafin nan da ke sa ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma man da ke jikinta yana aiki ko babu ganye.

Game da matsayi, nakan ja baya yadi 15 zuwa 20 daga turbar da barewa ke bi, ta gefen da iska za ta kwashe warina ta kai shi nesa da turbar. A gangaren tudu akwai ƙarin lissafi, domin da hantsi iska mai ɗumi sama take hawa, da almuru mai sanyi ta gangaro. Mai harbi da hannun dama yana juya kujera yadda dabba za ta ɓullo masa ta hagu, domin can jiki ke juyawa ba wahala. Kuma ina son wata bishiya mai rassa a bayana ko a gefe. Barewar da aka saba farauta tana ɗaga kai, kuma mutum a jikin sanda tilo, sararin sama a bayansa, ba ya ɓoyuwa.

Tun a wurin mota nake sa ɗamarar tsaro. Gidajen biyu nakan haɗa su baki da baki, in ɗaure da maɗauri har sai na girgiza ban ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, bakin wayoyi kuma in cusa su ciki kada su riƙa kama rassa. Babbar rigar sanyi a jikin kujerar nake ɗaure ta, ba na sawa. Tafiyar rabin mil da kilo 9 a baya, sannan hawa, tana sa gumi, kuma gumin nan ne zai sanyaya ka bayan awa ɗaya da zama, ban da warin da yake bazawa. A lokacin farautar bindiga, yawancin jihohi sun wajabta riga ko hula mai launin lemo mai haske.

A gindin bishiya kuwa, ɗaurin farko shi ne rabin aikin. Bishiya tana tsukewa tana sama, waya kuma tsawon da ka ba ta a ƙasa da shi za ta kai sama. Saboda haka dandamalin da ya kwanta daidai a gindi, kafin ya kai ƙafa 18 bakinsa ya sunkuya. Dole a ɗaura shi bakin waje na kallon sama. Yadda nake aunawa shi ne, in ja baya in kwatanta kaurin bishiyar a inda zan zauna da kaurinta a inda zan ɗaura. Fofula da fayin ɗin gona, waɗanda suka taso a matse suna neman rana, ba sa tsukewa sosai. A kansu nakan nemo ƙullin da dandamali ya kwanta daidai, in rage ƙulli ɗaya, bakin ya ɗago kamar inci 2 ko 3. Ok ɗin da ya taso a fili, mai ƙaton gindi, yakan ci ƙulli biyu, har ka ga dandamalin ya ɗaga baki kamar ba za a iya tsayawa a kai ba, amma a sama zai kwanta. Ba na ɗaurawa a inda saiwoyi suka buɗe, don kaurin wurin ƙarya ne. Nakan ɗaga zuwa tsayin gwiwa ko fiye, inda gangar ta fara miƙewa. Ƙullin dama da na hagu kada su bambanta da fiye da ɗaya, in ba haka ba kujerar ta karkace gefe. Dandamali ake fara ɗaurawa, sannan mazauni a samansa da irin kusurwar. Kowane baki na waya sai na ji ƙarar faɗawarsa cikin makama, in shafa da yatsa in tabbatar sifirin ya rufe, in finciko shi da ƙarfi. A kujerun da ke amfani da fil maimakon ƙulli, kilif ɗin da ke hana fil zarewa shi ne ke faɗuwa cikin ganye a duhu, shi ya sa ba na rabuwa da na ajiya a aljihu.

In kusurwar ta ɓaci, tun a ƙafa 8 ake ganewa. Idan dandamali ya riga ya kwanta daidai a nan, ga sauran ƙafa 10 a gaba, to a sama zai sunkuya, ka wuni kana dogara yatsu kada ka sulale, sha-raɓa na ciwo, tashi tsaye don harbi ya zama kasada. Idan kuma ka kai sama bakin na nan a ɗage sosai, jikinka zai riƙa gangarawa wajen bishiya, nauyi ya koma kan haƙora. Ɗan ɗagowa kaɗan ya fi sunkuyawa, ni ma shi nake nema. Maganin duka biyun ɗaya ne, a sauko a sake ɗaurawa. Na san akwai masu zama a kan mazauni su buɗe wayar dandamali a sama su gyara. Kamfanoni sun hana, kuma suna da gaskiya, domin a wannan lokacin rabin kujerar ne kawai ke riƙe da mutum, hannunsa biyu kuma suna ƙarƙashinsa. Mintuna 5 na saukowa sun fi arha.

Abu uku kafin ƙafa ta bar ƙasa. Na farko igiyar da ke haɗa mazauni da dandamali. Tsawonta ya isa a ɗaga mazauni ba ta ja ba, amma kada ya wuce inda ƙafarka za ta iya kaiwa in dandamali ya suɓuce yana lilo. A bayan gida ake gwada wannan. Na biyu likkafu. Wanda ya daidaita su da siririn takalmin Oktoba, ranar da ya zo da ƙaton takalmin sanyi kan ƙafar ba zai shiga sosai ba, kuma daga nan dandamali ke suɓucewa. Na uku maɗaurin bishiya. Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kujerun dako, TMA, suke saka ɗamarar tsaro ta dukan jiki a cikin kwali. Igiyar da ke fitowa daga tsakanin kafaɗu ana maƙala ta da ƙugiya mai makulli a jikin maɗaurin da ya zagaye bishiya sama da kai. Ni na fi son igiya mai ƙullin Prusik, wato ƙullin da ke zamewa in an tura shi da hannu amma ya cije in nauyi ya ja shi, a kan bel, don tana saurin sassautawa a tura ta sama, kuma ana iya rage tsawonta da hannu ɗaya. Yawancin faɗuwa a wajen hawa da sauka take faruwa, don haka ɗamarar da sai an kai sama ake maƙalawa ta bar mutum a daidai inda yake buƙatarta.

Hawan kansa fuska na kallon bishiya ake yi. In tura maɗauri sama iyakar hannu in tsuke. In ɗaga bakin mazauni kaɗan don haƙora su saki, in kai shi tsayin ƙugu ko ƙasan ƙirji, in danna shi ƙasa har ya ciji ɓawo. In ɗora nauyi a kansa a hankali, ko ta zama a kan sandar gaba, ko ta dogara gwiwar hannu a gefunansa. Sai ƙafa: yatsu ƙasa, dunduniya sama, wannan ne ke ɗaga bakin dandamali ya saki waya ta baya. In ɗan ja shi baya haƙora su bar ɓawo, in naɗe gwiwa in taho da shi sama inci 10 zuwa 12, in tura haƙora su fara taɓa bishiya, sannan in sauke dunduniya. Ba na miƙewa nan take. Sai na danna da dunduniya na ji ya zauna gam, nauyina na kan mazauni tukuna, sannan in tashi. Daga nan a sake, maɗauri, mazauni, dandamali. Kada maɗauri ya taɓa saukowa ƙasa da haɓa.

Dogon taku shi ne babban mai jawo zamewa. In ka naɗe gwiwa har ƙirji don ka ci inci 20 a tashi ɗaya, ƙafarka ba ta da ƙarfin danna dunduniya, dandamali ya zauna a karkace, kana miƙewa ya zame inci 3 ko 4 da ƙara kafin ya kama. In waya ta maƙale a wani abu ta baya, ba a fizga. A saukar da gidan kaɗan, a ƙara ɗaga bakinsa don wayar ta buɗe sosai, a tsallake. In ta ƙi, nan ne iyakar hawan ranar. Ƙarar gogar ɓawo kuma daga jan haƙora a jikin bishiya take fitowa, maganinta a cire su gaba ɗaya kafin a ɗaga. Nakan ba hawan minti 10 zuwa 15, in riƙa tsayawa ina saurare, don kurege ma yana kankarar ɓawo, abin da ba ya yi shi ne kankara a jere ba hutawa.

Ƙafa 15 zuwa 20 ta ishe ni, wato mita 4 da rabi zuwa 6. Fiye da haka wari ya fi bajewa, gaskiya ne, amma ga mai baka kusurwar harbi tana tsananta har ya yi wuya kibiya ta ratsa huhu biyu. Igiyar jan kaya, wadda na ɗaura a ɗamara tun daga ƙasa, tana da ƙulli a ƙafa 18, da na ji shi ya bar ƙasa na san na iso. A nan nakan danna dandamali da dunduniya sosai, in sa mazauni yadda kujerar za ta zo daidai gwiwa ko sama kaɗan, saboda wanda ya zauna ƙasa da gwiwarsa ba ya tashi shiru. Sannan in ɗaure mazaunin. Mutane da yawa suna mantawa da cewa da ka miƙe tsaye babu nauyi a kansa, cinya ta ɗan taɓa shi sai ya saki ya faɗo kan ƙafarka da ƙarar da duk dajin zai ji. Ko dai a zagaye shi da maɗauri a jikin bishiya, ko a sa maɗaurai biyu dama da hagu da ke jan mazauni zuwa dandamali a tsuke su. Sai in juya a hankali in zauna, in gyara igiyar baya yadda in ina zaune ba ta da sako-sako. Ta haka ko an zame, faɗuwar gajera ce, ana iya komowa kan dandamali.

Makami ba ya hawa tare da ni. Bindiga tana ƙasa ba harsashi a ciki, an buɗe ta, an ɗaure ta yadda bakinta zai kalli ƙasa in an ja, kuma igiya ba ta bi ta zoben kunama. Baka kuma kibau na cikin kwari, kaifinsu a rufe. Nakan ajiye shi ta bayan bishiya, ba daidai ƙarƙashina ba. Sai na zauna na ɗaure sannan in jawo.

Da zama ya yi nisa, ƙananan abubuwa ke fitowa. Ƙiƙi-ƙiƙi in ka juya nauyi, galibi noti ne ya saki ko washar roba da ke tsakanin ƙarfe biyu ta cinye, kuma sanyi na ƙara shi. Kakin tsirkiya a mahaɗar yana kashe shi, man inji kuwa warinsa ya fi ƙarar illa. Bututun alminiyon fanko yana amsa kuwwa in zik ko ƙugiya ta taɓa shi, shi ya sa Summit ke cika wasu sassan da kumfa, ni kuma nakan naɗe sandar gaba da gefuna da tef na yadi. Ƙarfen dandamali yana zuƙe ɗumin ƙafa ta tafin takalmi, guntun kafet da aka ɗaure da kyau yana ragewa. Mai baka ya ja tsirkiya sau ɗaya ta kowane gefe tun gari bai waye sosai ba, ya ga ko ƙasan bakan zai bugi sanda, in zai buga ya sassauto da mazauni. Wajen nisa, daga gindin bishiya ake lissafi. Daga ƙafa 20, dabbar da ke yadi 20 da gindi tana yadi 21 da idonka, bambancin kaɗan ne. Abin da ya fi sa kibiya ta wuce ta sama shi ne sauke hannun baka maimakon lanƙwasa ƙugu.

In dandamali ya suɓuce, a zauna ko a dogara a kan mazauni, kada a yi ta harbin iska. A kamo igiyar haɗi da hannu ko ƙafa, a jawo shi, a zura ƙafa ɗaya cikin likkafa, a sa haƙora, a danna. In kuwa faɗuwa aka yi ɗamara ta riƙe, to ba a gama ba. Maɗauran cinya suna matse jijiyoyi a matsematsi, jini ya taru a ƙafafu, mutum na iya suma cikin 'yan mintuna yana rataye. Abu na farko a juya a fuskanci bishiya a yi ƙoƙarin komawa kan dandamali nan da nan, tun da sauran ƙarfi. In ya gagara, a ciro maɗaurin taka ƙafa da ke zuwa tare da ɗamara, a maƙala shi a ƙugu, a tsaya a cikinsa, a riƙa motsa ƙafafu ana tura bishiya. Wurinsa aljihun ɗamara, tare da waya da usur, domin jakar da ke rataye a bishiya ƙafa 4 sama da kai ba ta da amfani a lokacin. Kuma wani a gida ya san ainihin bishiyar, na kan tura masa alamar wurin a taswirar waya da lokacin fitowata. Ɗamarar da ta taɓa tare faɗuwa ba a sake sa ta.

Sauka ta fi hawa haɗari, ga gajiya, ga sanyi ya sandarar da ƙafa, ga duhu, wani lokaci ga zumuɗin an harba. Nakan cire harsashi in saukar da makami tukuna, in motsa ƙafafu har jini ya dawo, in juya in fuskanci bishiya, in zura likkafu da robar dunduniya, sannan in kwance maɗauran mazauni. Tsarin ya juya: dandamali, mazauni, maɗauri. Takun ya fi na hawa gajarta. Wanda ya saki dandamali har ƙafarsa ta miƙe sarai ba shi da sauran gwiwar da zai danna haƙora da ita, sai ya tsinci kansa rataye a kan hannuwa. Wanda kuma ya manta da maɗauri a sama, igiyar baya za ta tsayar da shi cak, ya koma ya hau ya sassauto da shi. Ana sauka bishiya na ƙara kauri, bakin dandamali na ɗagowa, waya na ƙara matsewa, saboda haka ƙafa 5 na ƙarshe su ne masu taurin kai, sai an ɗaga dunduniya sosai kafin ta saki. Ba na cire ƙugiya sai ƙafata biyu na ƙasa.

Kujerar ba ta kwana a daji. Kurege yana cin yadin mazauni da maɗaurai, rana tana cinye nailan har ya yi fari ya riƙa karyewa, a dajin gwamnati kuma jihohi da dama suna da doka kan kayan da aka bari, wasu sai an rubuta suna ko lambar lasisi a jiki. A gida nakan kankare ɓawo da ƙaron da suka cushe tsakanin haƙora da burushin waya, don haƙorin da ya cika da datti ba ya shiga itace, in jingina gidajen a tsaye ruwan da ya shiga bututu ya tsiyaye, in rataye ɗamara a inuwa nesa da fetur da batirin mota.